Gwangwanin Farar Ƙasa a Hanyar Maiyama

Gidanmu a Jega gidan Rundawa ne, wato mahauta, tun daga kakanni. Mahaifina da ƙannensa da ’ya’yansu maza duk wuƙa suka tashi suka gani, da ita kuma suke ci. A irin wannan gida aka haife ni, amma sai Allah ya yi ni ba na iya kallon jini. Kaza za a yanka a tsakar gida, ni ina bayan rumbu na rufe idanu. Matan gida suka mai da abin wasa, in suna son dariya sai su ce a kira ɗiyar runji ta riƙe wa Baba ƙafar akuya. Baba kansa dariya yake yi, ya ce ko dai an musanya masa ni ne ranar suna.

Inna ce kaɗai ba ta yin dariyar. Ita ba ’yar mahauta ba ce, daga Kuberi aka auro ta, can ƙasar Maiyama, daga gidan magina tukwane. Matan gidansu sun san ƙasa kamar yadda mazan gidanmu suka san nama. Sun san wadda ake gina tukunya da ita, da wadda take yin tulu mai sanyin ruwa, da farar da ake shafe ɗaki. A cikin farar nan akwai wata mai laushi ƙwarai, wadda suke gyarawa su ajiye don tsayar da jini. Da wannan sani Inna ta shigo gidan da wuƙa ba ta hutawa.

Mai aiki da wuƙa kuwa ba ya rabuwa da yanka. In ƙarami ne, Inna takan ɗauko dunƙulen alif, irin wanda muke jefawa a randa don ruwan gulbi ya kwanta, ta jiƙa shi ta goga a wurin. Sai ka ga ƙaton mutum, wanda yake kayar da bijimi, yana tsalle da ƙafa ɗaya yana salati saboda zafi. Jinin yakan tsaya nan take. In kuwa yankan mai zurfi ne, alif ba ya aiki, sai a ɗauko gwangwanin Inna daga kan jere. A cikinsa akwai garin farar ƙasa da ’yan ƙyallayen alawayyo da ta dafa ta shanya. Duk unguwarmu an san gwangwanin nan. Da na ji an shigo da gudu ana cewa, “Ina Inna?” sai in sulale gidan maƙwabta.

Da aurena ya matso, wata rana da hantsi Inna ta aika mahauta aka kawo mata cinyar sa guda. Ta ajiye ta a kan faifai cikin ɗakinta, ta kira ni, ta sakaya ƙofa. Ta ɗauki wuƙa ta tsaga naman da zurfi.

Ta ce, “Zamna nan. Wagga cinya ba ta jini, ba ta kuka. Ba ki da abin gudu.”

Na ce, “Inna, ki bari mana. Kin san ba ni iyawa.”

Ta ce, “Ban ce ki kalla ba, hannunki nika so. Direba za ki aure, ɗiyata. Mota ƙarfe ta, ƙarfe ko ɗan’uwan wuƙa na.”

Ta barbaɗa garin a jikin ƙyalle, ta kama yatsuna ta cusa su cikin tsagar, ta ce in tura ƙyallen har ƙasa, har in ji babu sauran wuri. Sannan ta ɗora tafin hannuna a kai, ta ɗora ɗayan bisansa, ta ce in miƙe gwiwar hannu in sake nauyin jikina gaba ɗaya. Na yi, fuskata na kallon bango. Da na gaji na ɗan sassauta, sai na ji ranƙwashi a ka.

Ta ce, “Kak ki ɗaga. Duk wanda yad ɗaga don shi duba ko ya tsaya, ya mai da aiki baya. In jini ya ɓullo ta sama, ki ƙara ƙyalle bisa ƙyalle. Kuma wanga ba shi na maganin ba, riƙo na kawai, har a kai mutum wurin masu ɗinki.”

Ta sa na maimaita har yatsuna suka yi tsami. Da yamma aka dafa cinyar, ni dai ban ci ba.

Aka kai ni Aliero. Maigidana yana da akori-kura, aikinsa jigilar albasa daga gonakin Aliero da Sabiyal zuwa kasuwanni. Mutum ne mai fara’a da son hira, gidanmu kullum warin albasa da baƙin mai. Ina da ɗa ɗaya a hannu aka ba mu jiharmu ta Kebbi. Na tuna ranar direbobi suka yi ta zagaya gari suna danna oda, an ɗaura ganye a goshin motoci. Bayan haka aiki ya yi wa masu mota yawa, don kowa ya tashi sai ya ce Birnin Kebbi za shi, ga ma’aikata masu kwaso kayansu daga Sakkwato. Ni kuwa zaman gidana nake yi, ina ɗinkin hula, na manta da wata cinyar sa.

A bazarar da ta biyo baya na je Jega gaida Inna, na tarar yanar idonta ta yi yawa, da lalube take gane kwanoninta. Ta sa na sauko da gwangwanin, ta girgiza shi kusa da kunnena. Ɗan abin da ya rage bai fi cikin cokali ba, wani ɗan ƙanen Baba da ya datse tafin hannu ya cinye sauran.

Ta ce, “Ni ba ni iya tahiya Kuberi yanzu. Ki roƙi maigidanki shi kai ki wurin ƙanwata, ku gyaro mini. Wurin gyara babu jini, kak ki ji tsoro.”

Maigida bai yi musu ba, dama yana da lodin albasa zuwa Maiyama. Na bar yaron wurin kakarsa a Aliero, tunda an yaye shi, maigida ya kai ni Kuberi har ƙofar gidan Inna Ƙarama, kamar yadda muke kiran ƙanwar Inna, ya ce zai biyo ya ɗauke ni in ya sake kawo kaya.

Kwanakin da na yi a Kuberi suna cikin masu daɗi a rayuwata. Da sassafe muka bi matan gidan zuwa wani rami a gefen rafi. Inna Ƙarama ta shiga da ’yar fartanya, ta kankare saman ta zubar, sai da ta kai inda ƙasar ta yi fari sol kamar nonon da aka tatso. Ta gutsuro ta murza mini a bayan hannu, na ji santsi, babu ko tsakuwa ɗaya. Muka ɗebo a ƙwarya. A gida aka jiƙa ta, aka dama, aka tace da mayani, aka bar ta ta kwanta, aka tsiyaye ruwan. Abin da ya zauna a ƙasa shi muka cura ƙanana muka shanya a kan sabuwar tabarma, aka rufe da gyale saboda kaji. Da suka bushe, ta zuba su a sabuwar tukunya, ta rufe bakin, ta cusa tukunyar a tsakiyar wutar da suke gasa tukwanensu.

Na tambaye ta dalilin gasawar. Ta ce, “Ƙasa ɗanya ba a aza ta ga ciwo, ko kin ga ta yi fari kamar mi. Akwai cuta cikinta wadda ido ba shi gani. Wuta aka ba ta ta cinye.”

Da ta huce muka daka a turmin da aka wanke, muka tankaɗe har sau nawa, sai da garin ya koma kamar hoda. Muka dafa sabon alawayyo, muka shanya a rana, muka yayyage shi dogo-dogo. Ni da hannuna na cika gwangwanin na danne murfin. Ranar da maigida ya zo, Inna Ƙarama ta haɗa mini tsaraba, tukwane da tulu da kasko, aka jera su a bayan mota a cikin ciyawa. Gwangwanin kuwa na ƙulle shi a ɗankwali na ɗora a cinyata. Wani dattijo mai sayar da goro ya roƙi a rage masa hanya zuwa Jega, ya hau baya da huhunsa.

Mun baro Maiyama rana ta take, kwalta har wani rawa take yi a ido saboda zafi. Mun yi nisa, babu gari kusa, sai muka hango mace a tsakiyar titi, kanta babu ɗankwali, ta ɗaga hannuwa biyu. Maigida ya taka birki. Bafillatana ce, ba ta wuce sa’ata ba, hannuwanta jajaye har gwiwa. Ina ganinsu na kau da kai.

Maigida ya leƙa ya ce, “Lahiya? Mi yaf faru?”

Ta ce, “Mijina na! Gatari yas sare shi. Ku taimake ni don Allah, jini ya ƙi tsayawa.”

A irin wannan lokaci, da ciyawa ta ƙare, makiyaya sukan hau itace su sassaro wa shanu ganye. Mijin nata ya hau gawo, ya kai sara, gatarin ya goce daga reshe ya sauka a ƙwaurinsa. Da ƙyar ya sauko. Yana kwance a gindin itacen, ba nisa da titi, ƙaninsa na tallafe da kansa, shanu sun kewaye su suna cin ganyen da ya zubo. Maigida da dattijon suka ruga. Ni na zauna a mota, na ƙanƙame gwangwanin.

Can sai ga maigida ya dawo da gudu, ya ɗaga kujera yana lalube. Ya fito da gorar man birki. Haka direbobi suke yi a lokacin, kowane irin rauni sai su tsiyaya masa man birki, wai yana ƙone jini. Ganin gorar nan ne ya tashe ni. Na san abin da ke cinyata ya fi abin da ke hannunsa, na kuma san babu wanda ya iya aiki da shi a wurin sai ni.

Na ce, “Maigida, aje wanga mai.”

Ya tsaya yana kallona. Tunda aka yi aurenmu ban taɓa tare shi da magana irin haka ba.

Na ce, “Sai dai shi ƙone mai nama. Ga abin Inna nan.”

Ya ce, “Ke? Ke da ba ki iya kallon yankan kaza?”

Na buɗe ƙofa na fita. Da na isa na ga matar ta ɗaure ƙafar da ɗankwalinta, ya jiƙe sharkaf, jinin na ta tsartuwa ta ƙarƙashi, ƙasar wurin ta yi baƙi. Mutumin dogo ne siriri, leɓɓansa sun yi fari, amma bai yi ko nishi ba, idonsa na kan shanunsa. Sai na tsaya cak. Ba jinin kaɗai ya tsayar da ni ba, namiji ne baƙo, ni kuwa matar aure, ga mijina tsaye. Na waiwaya na dube shi.

Ya ajiye gorar a ƙasa ya ce, “Ceton rai na. Taɓa shi, na yarje miki.”

Na durƙusa na yi bisimilla. Na ce da matar ta kwance ɗankwalin, na ce da ƙanin ya ɗaga ƙafar ya ɗora a cinyarsa. Na ga saran sau ɗaya, a bayan ƙwauri, ya buɗe baki, wani abu fari na leƙowa daga ciki. Duniya ta yi mini duhu-duhu. Sai na mai da idona kan kututturen gawon, na bar wa hannuwana aikin. Na barbaɗa garin a ƙyalle, na laluba bakin raunin, na tura. Bambancinsa da cinyar ɗakin Inna shi ne ɗumi, da kuma motsi. Mutumin ya ja numfashi ta haƙora, ya kira sunan Allah, ya damƙe hannun ƙaninsa. Na ci gaba da turawa har na ji babu sauran wuri, na ninke wani ƙyallen a sama, na ɗora tafi bisa tafi, na miƙe gwiwar hannu, na sake nauyina duka.

Na ji jinin na bin tsakanin yatsuna. Na ce wa matar ta ƙaro ƙyalle, ta cusa shi ƙarƙashin tafina ba tare da na ɗaga ba. Dattijon ya tsuguna gefe yana ta karanto addu’a yana tofawa. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. A hankali na ji ɗumin nan mai gudu ya ragu, yatsuna suka fara ɗanko.

Dattijon ya ce, “Ɗiyata, kamar ya tsaya. Ɗaga mu gani.”

Na ce, “A’a, Baba. Ba a ɗagawa.”

Ya ce, “Leƙe kawai.”

Na ce, “Sai gaban masu ɗinki. Ku ɗauke mu haka nan, ni da shi.”

Maigida ya juyo da mota har gindin itacen. Babu wurin kwantar da mutum a baya saboda tukwanena, sai suka sauke su suka jera a inuwa, har da tulun da nake ta murna da shi. Aka baza ciyawar, aka shimfiɗa buhunan albasa da babu komai ciki. Maza uku suka ciccibi mutumin, ni kuma ina biye da rarrafe da ja da gwiwa, hannuwana na nan inda suke. Hawa motar nan shi ne abu mafi wuya. Maigida ne ya tallabo ni ta ƙugu ya ɗora ni kamar buhu. Aka ɗora ƙafar a kan huhun goron dattijo, shi da kansa ya turo shi. Ƙanin ya tsaya da shanu, matar ta hau ta ɗora kan mijinta a cinyarta.

Ban taɓa sanin hanyar Maiyama zuwa Jega tana da tsawo haka ba. Ƙarfen motar ya yi zafi, yana ƙona mini gwiwoyi ta cikin zane. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar za a fizge hannuna. Kafaɗuna suka fara ciwo, daga nan suka mutu, na daina jin su. Gumi na shiga idona, babu hannun sharewa. Matar ta lura, ta kama bakin mayafina ta goge mini fuska, ta kuma riƙe shi ta yi mini inuwa. Tana yi wa mijinta magana da Fillanci a hankali, kada ya yi barci, in ya lumshe ido sai ta ɗan mari kumatunsa. Wani lokaci ya buɗe ido ya dube ni, ya ce da Hausa, “Ɗiyar wa?”

Na ce, “Ɗiyar Rundawan Jega.”

Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, “Masu yanka muna shanu.”

Na ce, “Awo, su na.”

A lokacin na ankara ashe tun ɗazu kallon hannuwana nake yi, jajaye har wuyan hannu, ban kuwa suma ba.

Maigida ya shiga asibitin Jega yana danna oda. Wani malamin asibiti mai furfura a gemu ya fito da masu gadon ɗaukar marasa lafiya. Ya hau motar ya duba, ya tambaye ni abin da ke ƙarƙashin hannuna. Na gaya masa farar ƙasa ce gasasshiya a jikin dafaffen ƙyalle, na gaya masa tun inda na riƙe.

Ya ce, “Ba ki ɗaga ba ko sau ɗaya?”

Na ce, “Ban ɗaga ba.”

Ya ce, “Madalla. To ci gaba da riƙewa har ciki, sai na ce ki saki.”

Haka muka shiga, ina tafe a gefen gadon a sunkuye. Sai da suka ɗaure masa cinya da wani abin roba, suka sa masa ruwa a hannu, likita ya zo ya sa safar hannu, sannan malamin ya ce in saki. Na so in saki, hannuwan suka ƙi. Shi ya ɓanɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, aka fito da ni.

A bakin famfon asibitin na zauna a ƙasa, na yi amai. Matar makiyayin ta tsuguna a gabana, ta kama hannuwana ta wanke su da kanta, tana murza yatsun har suka fara lanƙwasuwa. Sai hawaye muke yi mu biyu.

Bayan la’asar malamin ya fito ya ce an ɗaure jijiyar, an ɗinke, mutumin zai tashi in Allah ya so, amma ya zubar da jini da yawa, sai ya kwana biyu a wurinsu. An yi masa allurar hana sandarewar jiki. Ya ce mini wanke garin daga cikin naman ya ba su aiki, in irin haka ta sake faruwa in rage yawansa, in murza shi ya kama jikin ƙyallen sosai in kakkaɓe saura. Na riƙe wannan magana, da ita nake aiki har yau. Sannan ya dubi maigida ya ce, “Da ba don riƙon da ta yi ba, da ba mu same shi da rai ba.” Maigida ya gyara hularsa, ya kasa rufe baki.

Daga nan gidanmu muka wuce, zanena duk ya bushe da jini ya yi tauri. Matan gida suka fito suna salati, sun zaci hatsari muka yi. Maigida ya tsaya a zaure yana ba Baba labari da ƙarfi, har ana jiyowa daga ciki. Ni na shiga ɗakin Inna na ajiye gwangwanin a gabanta. Ta ɗaga ta ji nauyinsa.

Ta ce, “Bai cika ba. Ƙanwata ta yi mini rowa?”

Na ce, “Ya cika, Inna. Ni nit taɓa shi bisa hanya.”

Na ba ta labari tun daga farko. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta miƙo hannu ta laluba nawa, ta shafa tafin, ta shafa yatsun da suka kumbura. Ta daɗe riƙe da su. Sannan ta ɗaga murya ta kira matan gida, ta ce a ɗora ruwan zafi a gasa mini kafaɗu, a kawo mini zanenta na cikin adaka, wanda ba ta ba kowa aro.

Washegari da safe Baba ya dawo daga mahauta da hanta guda a cikin ganye, ya sa aka gasa, ya ɗauka da kansa ya kai asibiti, wai hanta ce ke mayar da jini. A can suka yi hira ya gano ya san mahaifin mutumin, sun sha haɗuwa a kara wurin cinikin shanu. Kullum sai ya kai hantar nan har aka sallame shi. ’Yan’uwana maza suka ce duk wanda ya tsaya sayen nama a rumfar Baba a kwanakin, sai ya ji labarin ɗiyarsa kafin a yanka masa.

Mutumin ya warke, sai ɗan ɗingishi da ya rage masa. Da damina ta faɗi, kafin su yi gaba da shanunsu, shi da matarsa suka zo har Aliero da jaki, suna tambaya gida-gida har suka same mu. Tukwanena ne a kan jakin, an naɗe kowace da ciyawa, ƙaninsa ne ya kwashe su ya adana a ruga. Ko kaskon bai fashe ba. Matar ta kawo mini man shanu a ƙwarya, ta wuni a ɗakina, ta yi mini kitso irin nasu. Mun daɗe muna zumunci, duk shekarar da suka sauka kusa sai ta zo.

Maigida ne ya fara cewa in haɗa masa ɗan ƙaramin gwangwani ya ajiye a mota. Na ce ba zan ba shi ba sai ya koyi riƙo, don garin ba ya aiki shi kaɗai. Har yau ma ba zan iya rantsewa in ce ga rabon ƙasar ga rabon hannu a abin da ya faru ba. Na aika Jega aka kawo cinyar sa, na zaunar da shi a tsakar gida na koya masa, yana yi yana dariya yana cewa ashe abin da wuya. Da abokan aikinsa na tasha suka ji, sai suka fara turo matansu. Matan sukan zo da hantsi, mu baje tabarma a inuwar darbejiya, in nuna musu yadda ake tura ƙyalle da yadda ake danna tafi, in ce su gaya wa mazansu daga nan sai asibiti, ba gida ba. Kowace ta koma da ɗan gwangwanin madara da na cika na liƙe bakinsa. Masu aikin albasa na Sabiyal ma suka riƙa aikowa lokacin girbi, su dai alif suka fi nema, don yankansu ƙanana ne.

Daga baya wani direban babbar mota, wanda ban taɓa gani ba, ya aiko matarsa da buhun albasa. Ta ce a hanyar Jandutsi gilashi ya yanke wani fasinja a dantse, mijinta ya riƙe shi kamar yadda ta koya masa, wani ya karɓi tuƙi, sun kai shi asibiti da ransa. Na raba albasar gida uku, na aika wa Inna Ƙarama kashi ɗaya a motar da za ta Maiyama, tare da saƙon cewa ta fara haƙo mana wata farar ƙasar, zan zo bayan salla.